Tagwayen Digiri da Zanen Gine-gine: Yadda Za Ka Zaɓi Na Haɗawa, Mataki-Mataki

Tambaya guda ce ke ta dawo mini daga bakin matasan akitek, musamman waɗanda suka gama a Zariya, Minna, Bauchi da Kano suna hangen ƙaro karatu a Amurka: "Yallaɓai, an ce ana iya haɗa M.Arch da wani mastas a yi su tare. Wanne zan haɗa?" M.Arch shi ne mastas a zanen gine-gine. Wasu ma sun riga sun yanke shawara, MBA suke so, wato mastas a harkar kasuwanci, sa albarka kawai suke nema. Amsa guntu-guntu a waya ta ishe ni, shi ya sa na zauna na jera abin yadda ya kamata a bi shi.

Ga abin da ake nufi a taƙaice. Jami'a ɗaya ce ke ba ka mastas biyu a shiri guda, tana ƙirga maka wasu darussa a ɓangarorin biyu. M.Arch na shekara 3 da wani mastas na shekara 2, waɗanda da a jere za su ci shekara 5, sai su koma 4. Ni na kan kira shi tagwayen digiri. Na bi ta wannan hanya da kaina, na haɗa da tsara birane, don haka wasu gargaɗin da za ka gani a ƙasa tabon jikina ne.

Hattara tun daga bakin ƙofa: a 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita ba da biza ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan a watan Yuni, sai Nijar da Najeriya a watan Disamba, kuma matakin ya taɓa bizar ɗalibai. Irin waɗannan dokoki kan sauya. Ka leƙa shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarku ka ga inda aka kwana kafin ka biya ko dala ɗaya a kan jarrabawa ko takardar neman gurbi.

1. Fara da kujerar da kake so

Ka ajiye sunayen digiri tukuna. Ka tuna taron ƙarshe da ka halarta a wurin gini, cikin kwantenar nan da aka mayar ofis, fanka na kaɗa zafi, zane a shimfiɗe an danne gefensa da bulo da hular kwano. Su wa ke zaune? Ga mai kuɗin aikin. Ga ɗan kwangila. Ga injiniyan da ya lissafa rodi da kankare. Ga mai ƙiyasta kuɗin gini da takardunsa. Akwai kuma wanda ba ya wurin amma kowa na ambatonsa, wato jami'in hukumar tsara birni da sai ya buga hatimi aiki zai tafi. A cikin waɗannan, maganar wa ta sa ka ji a ranka cewa da ma kai ne ke faɗinta?

Idan lokacin da mai kuɗi ya ce a cire bene guda saboda lissafin haya bai fita ba ka ji kana son ganin lissafin da idonka, to hanyarka ta nufi kasuwanci ko harkar filaye da gidaje. Idan abin da ya tsaya maka a rai shi ne yadda aka bari aka yi gini a kan hanyar ruwa, tsara birane ke kiranka. Idan haushinka shi ne injiniya ya kumbura maka ginshiƙi ya ɓata zane ba ka da bakin musa masa, injiniyanci kake nema.

Daga nan sai ka yi aikin da mafi yawa ke tsallakewa. Nemo tallan aiki guda 10 na irin kujerar da ka zaɓa, a ƙasar da kake son zama bayan karatu. Ka ja layi a ƙarƙashin abin da kowanne ya ce dole ne. Idan bakwai cikin goma ba su nemi digirin na biyu ba, ƙwarewar aiki kawai suka ambata, to ka dakata a nan. Mai yiwuwa darussa uku na zaɓi a cikin M.Arch ɗin kansa sun wadatar da kai.

Hattara: "aikin zane ba ya kawo kuɗi" ba dalili ne da zai riƙe ka shekara 4 ba. Wanda tsoro ya kai shi MBA yakan gane a zango na biyu cewa ya gudo ne, ba zuwa ya yi ba.

2. Tabbatar da ƙafar farko

Kafin ka nemo wa M.Arch abokin tafiya, ka tabbata shi kansa irin wanda kake buƙata ne, don suna ɗaya ne amma kaya iri-iri.

Akwai na shekara 3 ko 3 da rabi, na wanda digirinsa na farko ba zanen gini ba ne. Ta irin wannan ƙofa Mariam Issoufou ta Nijar ta shigo: kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa, daga baya ta yi M.Arch a Jami'ar Washington da ke Seattle, ita ce kuma ta zana cibiyar Hikma ta Dandaji tare da Yasaman Esmaili. Akwai na shekara 2, na wanda ya riga ya yi digirin farko a fannin. Sai na uku, na waɗanda suka riga suka mallaki digirin sana'a, irin M.Arch II na Yale ko Harvard. Wannan na ukun ba ya cikin waɗanda hukumar NAAB ke tantancewa.

NAAB ce ke tantance digirin zanen gini a Amurka, kuma mafi yawan jihohi digirin da ta amince da shi suke nema kafin lasisi. Bayan digirin akwai sa'o'i 3,740 na koyon aiki a tsarin AXP, da jarrabawar ARE mai sassa 6, duka a ƙarƙashin NCARB, majalisar hukumomin rajistar akitek ta Amurka. Ka shiga shafin NAAB ka nemi sunan shirin da kansa, ba sunan jami'ar kaɗai ba.

Mai B.Sc daga Najeriya kada ya ɗauka kai tsaye za a sa shi a na shekara 2. Makarantar ce ke duba darussansa da kundin zanensa ta yanke. Wasu makarantun ma kowa shekara 3 yake yi. Wannan hukunci kaɗai na iya ƙara maka shekara guda da kuɗinta, don haka ka rubuta musu ka tambaya tun kafin ka cike komai.

Wanda kuwa ya riga ya gama M.Sc a gida, ina roƙonsa ya tsaya ya yi tunani sosai. Idan gida za ka dawo ka yi rajista da ARCON, hukumar rajistar akitek ta Najeriya, me zai sa ka maimaita situdiyo, wato ajin aikin zane, na shekara 2 ko 3? Ka nemi digirin na biyu shi kaɗai, ka huta. Idan kuma lasisin Amurka kake hari, akwai tsarin EESA da NAAB ke auna karatun waje da shi, a gaya maka giɓin da ya rage. Wani lokaci cike giɓin ya fi sabon digiri sauƙi nesa ba kusa ba.

Hattara: idan M.Arch na waje ne zai zama digirin sana'arka kuma gida za ka dawo, ka rubuta wa ARCON tun yanzu ka ji matsayinsa a wurinsu, ka kuma adana amsar.

3. Auna 'yan takarar ɗaya bayan ɗaya

A nan aikin yake. Kowanne ka yi masa tambaya uku: wace ƙofa yake buɗewa, wace ƙofa ce ba ya buɗewa duk da ana zaton yana yi, kuma me yake nema daga gare ka kafin ya karɓe ka.

MBA. Shi ne kowa ke kira, shi ne kuma mafi tsada da wuyar shiga. Yale na haɗa M.Arch da MBA na makarantarta ta gudanarwa, Pennsylvania na haɗawa da Wharton, Michigan da Ross, Jami'ar Washington da ke St. Louis kuma da Olin, duka makarantun kasuwanci ne na waɗannan jami'o'i. Abin da MBA ke sayar maka ba darasin akanta ba ne, wannan ko a littafi ka koya. Abokan aji yake sayar maka, da kamfanonin da ke zuwa har makaranta ɗaukar ma'aikata. To ka tambayi kanka ko waɗannan mutane za su yi maka amfani a inda za ka zauna. Idan burinka ka buɗe ofishin zane a Kaduna mai mutum takwas, ka iya tsara farashi ka biya albashi a kan kari, ba ka buƙatar Wharton. MBA na ƙarshen mako a Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, ko na ABU, bayan ka yi 'yan shekaru kana aiki, zai biya buƙata da ɗan abin da bai kai kuɗin haya na shekara guda a Philadelphia, inda Wharton take, ba. Manyan makarantun kasuwanci kuma ɗalibansu kan shigo da kimanin shekara 5 ta aiki. Wanda ya fito daga bautar ƙasa jiya da wuya su kalle shi.

Harkar filaye da gidaje. Da yawa daga masu cewa MBA wannan suke nufi ba su sani ba. Digiri ne gajere, yawanci shekara guda ko ɗan fiye, kuma kai tsaye yake koya maka yadda ake lissafa ko gini zai mayar da kuɗinsa: sayen fili, rancen banki, haya, lokacin sayarwa. Columbia na da shi haɗe da M.Arch, MIT da Tulane ma suna da shirin wannan fanni. Idan kujerar mai kuɗin aiki ka zaɓa a mataki na farko, a ganina wannan ya fi MBA dacewa da kai. Sai dai ka sani dokokin fili da haraji da rancen da za a koya maka na Amurka ne. Hanyar lissafin za ta bi ka gida, amma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 da yadda ake neman takardar mallaka daga gwamna, waɗannan sai ka dawo ka koya a ƙasa.

Tsara birane. Shi ne haɗin da ya fi zama daram, domin galibi a makaranta ɗaya sassan biyu suke, wani lokaci bene ɗaya ne tsakaninsu. MIT, Berkeley, Columbia, Michigan, Pennsylvania da Illinois duk suna da shi. Ka duba ko PAB, hukumar da ke tantance digirin tsara birane, ta tantance shi, don hakan na rage shekarun aikin da ake nema kafin AICP, shaidar ƙwarewa ta masu tsara birane a Amurka. Abin da ba a gaya mini ba sai da na shiga: tsara birane karatu ne da rubutu da ƙididdiga da doka. Ba zanen manyan tituna daga sama ba ne. Wanda zane yake so a babban sikeli, zanen birni yake nema, wanda digiri ne daban. Mai niyyar dawowa Najeriya kuma ya tuntuɓi TOPREC, don rajistar masu tsara birane a hannunta take.

Injiniyancin gini da kula da aikin gini. Illinois da Berkeley na haɗa M.Arch da mastas a injiniyancin gine-gine, Michigan kuma da injiniyanci da kula da aikin gini. Abu biyu ne mabambanta. Na farko lissafi ne tsantsa, kuma za a tambaye ka kalkulas da darussan ƙarfin kayan gini kafin a buɗe maka ƙofa. Idan babu su a takardar sakamakonka, sai ka cike su, sau da yawa ba tare da an ƙirga maka su a digirin ba. Na biyu ya shafi jadawalin aiki, kwangila, ƙiyasin kuɗi da tafiyar da ma'aikata, kuma a cikin duka haɗe-haɗen nan shi ne na ga yana saurin kai mutum ga aiki.

Hattara: mastas a injiniyanci ba ya mayar da kai injiniya mai lasisi haka kawai. Jihohin Amurka da dama digirin farko da ABET, hukumar tantance karatun injiniya, ta tantance suke kallo, kowace jiha kuma da dokarta. Haka COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, a gida. Masu kawo misalin Santiago Calatrava su tuna cewa bayan ya gama zanen gini a Valencia, cikakken karatun injiniya ya je ya yi a ETH Zurich har da digirin digirgir.

Tsara farfajiya da shimfiɗar ƙasa. Kada ka raina shi da sunan shuka fulawa. Magudanar ruwa ce, ambaliya, zaizayar ƙasa, inuwa da zafin gari, abubuwan da duk wanda ya ga damina a garuruwanmu ya san ba wasa ba ne. Harvard, Pennsylvania da Berkeley na da haɗin, hukumar LAAB ce ke tantancewa. Matsalarsa guda: shi ma situdiyo ne. Situdiyo a kan situdiyo, shekara 4 ko fiye. Sai mai son zane har cikin ɓargo.

Adana tsoffin gine-gine. Columbia da Pennsylvania sun yi suna a nan. Kasuwarsa ƙarama ce, amma ga wanda ganuwar Kano ko Masallacin Juma'a na Zariya ko tsohon garin Agadas, da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013, ke hana shi barci, babu kamarsa. Ka dai bincika ko akwai malami a wurin da ya san ginin ƙasa, don yawancin darussan a kan jan bulo, katako, dutse da ƙarfe suke.

Akwai wasu haɗin da ba a cika ji ba, kamar na Yale da kula da muhalli. Tambayoyin nan uku su ma za ka yi musu.

Ka fito daga wannan mataki da fanni ɗaya, da makarantu huɗu zuwa shida masu ba da shi.

4. Zana shekarun a takarda

Tun ran gini ran zane, kai ma ka fi kowa sani. Ɗauko takarda ka ja akwati takwas, zango takwas ke nan. Sauko da littafin darussa na sassan biyu, na shekarar da ake ciki, ka cike kowane akwati da hannunka. Sannan ka duba abu huɗu.

Na ɗaya, darussa nawa ake ƙirgawa sau biyu. Na biyu, darussan zaɓi nawa suka rage maka. A nan ne ake biyan kuɗin shekarar da aka rage: guraben zaɓinka ne ake cikewa da darussan dole na ɗaya ɓangaren. Situdiyon tafiya ƙasar waje da darasin fitaccen malamin nan da ya sa ka so makarantar, ƙila ba za ka same su ba. Na uku, aikin ƙarshe guda ne da sassan biyu za su karɓa, ko biyu za ka yi? Na huɗu, ina lokacin zafi ya faɗa, don watannin Yuni zuwa Agusta su ne na koyon aiki a kamfani, kuma ga ɗan MBA a nan ake samun aikin dindindin.

Ni ban yi wannan zane ba, na kuwa ɗanɗana. A zangona na biyar situdiyon gidaje ya faɗo rana ɗaya da darasin ƙididdiga na dole. Ina tuna wani dare da ƙarfe uku, yatsuna duk gam, ina riƙe da bangon kwali ina jira ya kama, kwamfuta a gefe tana nuna mini jadawalin ƙidayar jama'a da zan miƙa ƙarfe tara. Washegari na tsaya gaban masu sharhi da samfurin da rufinsa bai zauna ba. Ɗaya daga cikinsu ya sa yatsa ya ɗaga rufin, ya leƙa ciki, ya mayar, bai ce uffan ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, sai dai a jera su, kuma jerawar a takarda ake fara ta.

Hattara: ka tabbata shirin na raye. Shafukan jami'o'i kan bar tsohon bayani shekara da shekaru. Jami'ar Illinois, alal misali, ta sanar a 2019 cewa za ta daina MBA ɗinta na zaman makaranta, don haka duk tsohon bayanin da ya dogara da shi ya tashi aiki.

5. Lissafin kuɗi

Kada ka kwatanta shekara 4 da shekara 5 ka ce ka ci riba. Ka kwatanta 4 da 3, don M.Arch kaɗai shi ne abin da za ka yi da ba ka haɗa ba. Kuɗin ƙarin shekarar kashi uku ne: kuɗin makaranta, kuɗin zama, da albashin shekarar da ba ka yi aiki ba.

A manyan jami'o'i masu zaman kansu kuɗin makarantar zanen gini ya kai ko ya haura dala 60,000 a shekara, na manyan MBA kuma ya haura 80,000, ban da haya, abinci da inshorar lafiya. Jami'o'in jihohi sun fi sauƙi, amma ɗalibin waje farashin baƙo yake biya. Ka ƙara kuɗin kwali, katako, yankan leza, buga manyan zane, da kwamfutar da za ta ɗauki manhajojin zane irin Rhino da Revit ba ta suma ba.

Sai ƙananan da ke taruwa su zama babba. Takardar neman gurbi a makarantun zane kan kama dala 75 zuwa 100, ta MBA kuwa 200 ko fiye. Jarrabawar shiga ta GRE kusan dala 220, ta GMAT kusan 275 zuwa 300. Ga jarrabawar Turanci idan sun nema, ga kuɗin auna takardar sakamako a WES ko makamanciyarta. Makaranta biyar, takarda biyu-biyu, kai ma ka ninka.

Hattara, kuma wannan ne ke kayar da mutane: tallafin da makarantar zane ta ba ka galibi yana aiki ne a zangunan da kake rajista a wurinta kaɗai. Shekarar da ka koma makarantar kasuwanci farashinta za ka biya, tallafinka kuma ya tsaya a baya. Ka nemi a rubuto maka, zango bayan zango, wa za ka biya, nawa, kuma wane tallafi ne ke bin ka. Idan wata hukuma ce daga gida ke ɗaukar nauyinka, ka karanta takardar yarjejeniya da kyau: yawanci digiri ɗaya da adadin shekarunsa aka rubuta, ba za su biya na biyu don ka ga dama ba.

6. Tambayi waɗanda ke cikin ruwan

Aika wa jami'in shirin saƙo gajere: mutum nawa suka kammala wannan haɗin a shekaru biyar da suka wuce, wa ke ba su shawara, kuma za a iya haɗa ka da biyu daga cikinsu? Idan amsar ta zo da kame-kame, ka fahimta. Shirin da mutum ɗaya ke yi a shekara uku, kai ne za ka riƙa yawo da takarda tsakanin ofisoshi biyu kowanne na cewa na wancan ne.

Idan ka samu tsohon ɗalibi, kada ka tambaye shi ko ya ji daɗi. Tambaye shi wane aiki yake yi yau, kuma wanne daga cikin digirin biyu aka duba aka ɗauke shi.

7. Neman gurbi

A mafi yawan wurare takarda biyu za ka cike, kwamiti biyu za su duba, kowanne na iya karɓa ko ƙi ba tare da shawartar ɗayan ba. Hanya biyu ce: ka nemi duka lokaci guda, ko ka shiga M.Arch tukuna ka nemi na biyu a shekararka ta farko. Inda aka yarda da ta biyun, ita nake ba da shawara. Za ka ga nauyin situdiyo da idonka, ka zauna a aji ɗaya na ɗaya sashen, ka kuma samu malamin cikin gida da zai rubuta maka wasiƙar shaida. Sai dai ka san ranar da ƙofar ke rufewa, don wasu ba sa karɓa bayan shekarar farko ko ta biyu.

Ga jerin lokaci ga mai son farawa a watan Agusta ko Satumba. Shekara guda kafin nan, tun daga watan Mayu, ka nemi takardar sakamako daga jami'arka, don ita ce ke cin watanni kuma sau da yawa sai ka je da ƙafarka. Yuni zuwa Agusta, jarrabawa. Makarantun zane da yawa sun daina neman GRE, amma na kasuwanci na neman GMAT ko GRE, don haka GRE guda na iya yi maka aiki biyu. Satumba zuwa Nuwamba, kundin zane da wasiƙu. Makarantun zane kan rufe tsakanin Disamba da tsakiyar Janairu, MBA kuma zagaye-zagaye ne, na farko wajen Satumba, na biyu wajen Janairu. Amsa kan fito a Maris, a ba ka har wajen 15 ga Afrilu ka yanke.

Hattara: kada ka aika bayanin buri iri ɗaya ga sassan biyu. Masu zane na son ganin mai son zane, ba wanda ke neman hanyar fita daga cikinsa ba. 'Yan kasuwanci kuma ba ruwansu da kyawun layinka, so suke su ji aikin da ka jagoranta, mutum nawa, kuɗi nawa, me ya fito. Haka masu rubuta maka shaida: malamin situdiyo ga waɗancan, maigidanka na wurin aiki ga waɗannan. Kundin zanen kuma ka bar shi na zane. Aiki biyar masu kyau sun fi goma sha biyar, kuma duk aikin haɗin gwiwa ka rubuta abin da hannunka ya yi a ciki.

8. Takardun biza da izinin aiki

Makaranta za ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, bayan ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Akwai kuɗin SEVIS, rajistar ɗaliban waje, dala 350 da na neman biza dala 185. Ka duba ranar kammalawa da ke kan I-20. Idan daga baya ka ƙara digiri na biyu, dole ofishin ɗaliban waje ya sabunta ta kafin ranar ta wuce.

Mastas biyu ba sa ba ka izinin aiki biyu. Wata 12 na OPT, wato izinin aiki bayan karatu, ɗaya ne a matakin mastas gaba ɗaya. Ƙarin wata 24 na fannonin STEM, wato kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, kuwa ya danganta da lambar da aka yi wa shirin rajista da ita, wadda ke rubuce a kan I-20. Makarantu da dama sun sa M.Arch ɗinsu a wannan rukuni, wasu ba su sa ba. Ka tambayi ofishin ɗaliban waje lambar kowanne daga cikin digirinka biyu, ba jami'in sashe ba.

Idan gurbi ya samu biza ta ƙi, ka nemi a ɗage maka zuwa baɗi. Sai ka nema daga sassan biyu daban-daban, ka kuma tambaya ko tallafin zai jira ka.

9. Bar wa kanka ƙofar fita

Kafin ka biya kuɗin riƙe gurbi, tambaya guda ta rage: idan na ajiye ɗaya a tsakiya fa? A shirye-shirye da yawa ana ba da digirin biyu ne tare a ƙarshe, kuma rangwamen darussan nan na aiki ne kawai idan ka kammala duka. Wanda ya janye a shekara ta uku na iya tarar da cewa sai ya koma ya cike darussan zaɓin da aka yafe masa kafin a ba shi M.Arch ɗin ma.

Saboda haka ka tsara zangunanka yadda situdiyoyin dole da darussan da NAAB ke nema za su zo da wuri gwargwadon yadda dokar shirin ta yarda. Ka kai wa mai ba ka shawara a kowane sashe takardar nan mai akwati takwas, kowannensu ya amince da ita a rubuce ta imel. Ka ajiye saƙonnin biyu tare da littafin darussa na shekarar da ka shiga, don jami'ai kan sauya, kuma wanda zai duba takardunka ranar kammalawa ƙila bai taɓa jin sunanka ba.